Kafin Ku Sa Hannu: Bashin Jami'a, Sana'ar Hannu da Bindiga a Amurka

'Ya'yana da ƙannena da ke tashi a Bronx da Harlem da Chicago da Houston da Greensboro, da sauran garuruwan Amurka inda iyayenku suka ya da zango, da ku nake. Wasunku a nan aka yanke musu cibi, wasu kuma an kawo su suna riƙe da zanin uwa daga Kano ko Damagaram ko zangon Kumasi. Ko ta wace hanya mutum ya zo, ranar da ya cika shekara 18 dokar ƙasar nan ta ɗauke shi cikakken mutum. Yana iya sa hannu a takardar bashin da zai bi shi har ya yi furfura, ba tare da an tambaye shi ko yana da aikin yi ba. A jihohi da yawa yana iya shiga kanti ya cike fom ya fito da doguwar bindiga. Duk dama ce doka ta ba ku, amma ba ta yi alkawarin taya ku ɗaukar abin da zai biyo baya ba. Mu da muka riga ku ganin yadda waɗannan takardu ke ƙarewa, idan muka yi shiru mun ci amanarku.

Bari mu fara da bashin karatu, domin shi ne ke fara ƙwanƙwasa ƙofa. Kimanin mutum miliyan 43 ne gwamnatin tarayyar Amurka ke bi bashin karatu, kuma jimillarsa ta kai wajen dala tiriliyan 1.6. A cikinsu akwai likitoci da lauyoyi da ke biya ba tare da sun ji a jikinsu ba. Akwai kuma masu shekara 50 da ke biyan nasu suna haɗawa da na 'ya'yansu.

Yawanci a watan Maris ko Afrilu ne wasiƙar jami'a ke isowa. An ɗauki yarinya. Uwa ta rangaɗa guɗa, uba ya ɗaga waya ya shaida wa dangi a gida, kafin magariba labari ya gama masallacin unguwa. A shafi na biyu an rubuta cewa kuɗin shekara, a ce, dala 60,000 ne, amma makaranta ta haɗa mata tallafin dala 45,000. A nan nake so ki zauna, 'yata, ki ɗauki biro ki bi layukan ɗaya bayan ɗaya, domin a ƙarƙashin sunan tallafi ake jera abubuwa uku da ba su da dangantaka. Akwai kyauta, wadda ba a biya, kamar tallafin Pell na gwamnati ga 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi, wanda mafi yawansa a shekarar karatu ta 2024 zuwa 2025 dala 7,395 ne. Akwai kuɗin aikin cikin makaranta, wanda sai kin yi aikin za ki gan shi. Sai kuma rance. Ki ja layi a ƙarƙashin duk abin da rance ne, ki cire shi daga tallafin, sannan ki ninka abin da ya rage a kanki sau huɗu. Wannan adadin shi ne farashin makarantar. Shi ya kamata a tattauna a gida, kafin a sayi rigar jami'a a ɗauki hoto.

Rancen gwamnati iri biyu ne ga mai digirin farko. Akwai wanda gwamnati ke ɗauke maka kuɗin ruwansa muddin kana makaranta, akwai wanda ruwansa ke fara taruwa tun ranar da aka tura kuɗin, kana aji yana girma. Ɗalibin da ke ƙarƙashin iyayensa ba ya iya karɓar fiye da dala 5,500 a shekarar farko, 6,500 a ta biyu, 7,500 a kowace shekara bayan nan, jimilla kada ta wuce 31,000. Wannan iyaka rahama ce, domin inda ake faɗawa rami shi ne wajen cike gibin da ya rage. Ko dai iyaye su karɓi rancen gwamnati na iyaye, wanda ruwansa ya haura kashi 9 cikin ɗari a shekarar 2024 zuwa 2025, ko a tafi banki mai zaman kansa, shi kuma ya ce sai an kawo mai tsaya wa yaro. Kawun da ya sa hannu don kunya, ya sani cewa a idon banki shi ma ya ci bashin. Ranar da yaro ya kasa, ƙofarsa za a zo.

Ga lissafi mai sauƙi. Wanda ya fito da bashin dala 30,000 a kan ruwa kashi 6.5 cikin ɗari, idan zai biya cikin shekara 10, duk wata sai ya fitar da kusan dala 340. A ƙarshe zai biya kusan 41,000. Wata shida kacal ake ba shi bayan kammalawa kafin a fara nema, ya samu aiki ko bai samu ba. Ana iya neman sassauci a rage abin da ake biya duk wata gwargwadon albashi, amma sai shekarun su tsawaita zuwa 20 ko fiye.

Wani abu kuma da ba a cika gaya muku ba: a Amurka ɗan kasuwar da ya karye yana iya zuwa kotu a sauke masa basussukansa ya sake sabon lale, haka ma mai bashin kati ko na asibiti. Bashin karatu ba ya sauka ta wannan hanya sai mutum ya gamsar da alƙali cewa biyansa zai jefa shi cikin ƙunci na fitar hankali, kuma kaɗan ne ke tsallake wannan siraɗi. Majalisa ta tsaurara wannan doka a 1998, ta kuma haɗa da rancen bankuna masu zaman kansu a 2005. Wanda ya daina biyan na gwamnati, ana iya yanke har kashi 15 cikin ɗari na albashinsa ba tare da an kai shi gaban alƙali ba, a kuma riƙe kuɗin harajin da ya kamata a mayar masa. Kada kuma wani ya ci bashi da fatan za a yafe. Shugaba Joe Biden ya yi shirin yafe wa mutane har dala 10,000, masu tallafin Pell har 20,000. Miliyoyi suka cike fom suka zuba ido. A ƙarshen watan Yunin 2023 Kotun Ƙoli ta soke shirin.

Kada ku fahimce ni a baibai. Ban ce jami'a asara ba ce, kuma duk wanda ya ce muku haka bai duba alƙaluma ba. Hukumar ƙididdigar ƙwadago ta Amurka ta nuna cewa a 2023 matsakaicin abin da mai digirin farko ke samu a mako dala 1,493 ne, wanda ya tsaya a sakandare kuwa 899. Wannan tazara idan ta taru shekara 40 dukiya ce. Mai son zama likita ko injiniya ko mai harhaɗa magunguna ba shi da wata hanya sai jami'a, kuma al'ummarmu na matuƙar buƙatarsu. Ilimi kuma ba albashi kaɗai ba ne. Yarinyar da ta karanta tarihi ko shari'a ta dawo tana tsaya wa maƙwabtanta a gaban mai gidan haya, ta amfane mu da abin da ba a auna shi da dala.

Waɗanda bashi ke karyawa da gaske su ne waɗanda suka shiga ba su fita da takarda ba. Fiye da kashi ɗaya cikin uku na masu fara digirin shekara huɗu ba sa kammalawa a makarantar da suka fara ko bayan shekara shida. Uba ya kwanta ciwo, ko kuɗin haya ya gagara, ko yaro ya shiga fannin da ba nasa ba don a faranta wa iyaye, sai ya bari a shekara ta biyu. Ga bashi, ga albashin mai sakandare. Na biyunsu su ne waɗanda makarantun 'yan kasuwa suka yaudara, masu talla a jirgin ƙasa da kiran waya ba dare ba rana. Corinthian Colleges ta rushe a 2015, ITT Tech ta bi bayanta a 2016, dubban ɗalibai suka wayi gari da ƙofa a kulle, kuma sai da aka shekara da shekaru ana shari'a kafin a sauke wa da yawansu bashin. Makarantar da ke bin ka da kira tana matsa maka ka sa hannu yau-yau, kuɗin rancenka take so.

Ga Musulmi a cikinmu, kuma su ne mafi yawa, akwai abin da ya fi lissafi nauyi. Wannan rance mai ruwa ne. Malamai a ƙasashen Yamma sun yi maganganu a kan ko larura na iya sassauta hukuncin, kuma ba su haɗu a kan baki ɗaya ba. Ba ni ne zan yanke muku ba, ku je ga malamin da kuka amince da iliminsa da tsoron Allahnsa. Abin da ba a saɓani a kansa shi ne addininmu bai ɗauki bashi da wasa ba. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa masa shaidu take, kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yawaita neman tsari daga nauyin bashi. Hausawa na cewa bashi hanji ne, yana cikin kowa. Gaskiya ne, amma wannan magana ta rarrashin wanda ya riga ya shiga ce, ba izinin shiga ba.

Akwai hanyar rage shi ƙwarai. A shekarar 2023 zuwa 2024 matsakaicin kuɗin karatu na shekara a kwalejin gwamnati mai shekara biyu kusan dala 4,000 ne, a jami'ar jiha ga ɗan jihar kusan 11,000, a jami'a mai zaman kanta kuwa sama da 41,000. Wanda ya yi shekara biyu a kwalejin unguwarsu yana kwana a ɗakin gidansu yana cin tuwon mahaifiyarsa, sannan ya koma jami'ar jiha ya ƙarasa, takardar da zai karɓa sunan jami'ar ne a kanta. Ku cike fom ɗin FAFSA, na neman tallafi da rancen karatu na gwamnati, duk shekara, kyauta ne, kada ku biya kowa ya cike muku. Idan kuma rancen ya zama dole, kada jimillarsa ta wuce abin da kuke sa ran samu a shekararku ta farko ta aiki.

Yanzu sai maganar da ke tayar da jijiyar wuya a gidajenmu. Yaro ya ce yana son koyon wayarin ko aikin famfo, sai uba ya ce: "Na baro ƙasata, na yi shekara da shekaru ina tuƙa tasi cikin sanyi, don ɗana ya zama mai gyaran masai?" Ina jin zafin wannan magana, kuma ba na raina ta. Mutumin da ya sha wahalar aikin ƙarfi ba ya son ɗansa ya gaje shi. Amma Alhaji, ka duba abin da sana'ar ke nufi a ƙasar nan. A 2023 matsakaicin abin da mai aikin wutar lantarki ke samu a shekara ya haura dala 60,000, haka ma mai aikin famfo. Masu haɗa lif da gyara shi sun haura 100,000. Kuma gyaran bututun da ya fashe a Brooklyn ba a iya tura shi wata ƙasa a yi shi da araha. Mu da muka fito daga garuruwan da unguwanni ke amsa sunan sana'a, Maƙera da Majema da Marina, inda har yau ake rini a karofin Ƙofar Mata a Kano, bai kamata a ce mu ne ke jin kunyar aikin hannu ba.

Tsarin koyon sana'a mai rajista a Amurka yana da doka tun 1937. Wanda ya samu shiga, misali ta ƙungiyar ma'aikatan lantarki ta IBEW, zai yi shekara huɗu zuwa biyar. Duk shekara kusan awa 2,000 a wurin aiki a ƙarƙashin ƙwararre, da aƙalla awa 144 a aji. Tun ranar farko ana biyansa, yawanci kusan rabin albashin ƙwararre ko ƙasa da haka kaɗan, ana kuma ƙara masa mataki-mataki, ga inshorar lafiya da fansho a yawancin ƙungiyoyin. Abokinsa na sakandare zai fito jami'a yana da shekara 22 da bashi a wuya, shi kuwa a wannan shekarun ya riga ya fara ajiya. Ana neman takardar sakandare da lissafin aljabra, akwai jarrabawa da ganawa, kuma a New York an sha ganin mutane sun kwana a layi a bakin titi don karɓar fom. Saboda haka wanda ya yi wasa da lissafi a sakandare da sunan ai sana'a zai koya, ya cuci kansa.

Wahalarta kuma ba ɓoyayya ba ce. Ƙarfe biyar na asuba kana kan hanya a watan Janairu, da takalmi mai ƙarfe a baki da hular kwano, a bene na ashirin da ba a sa masa tagogi ba tukuna, iska na shiga har ƙashi, yatsu sun ƙage kana ƙoƙarin zura waya a cikin bututu. Sallar azahar a wani lungu a kan kwali. Shekarar farko ɗauko wannan ne, share wancan, kuma za ka haɗu da masu baƙar magana a kan launinka ko sunanka, domin wasu daga cikin ƙungiyoyin nan sun daɗe suna rufe wa baƙar fata ƙofa kafin a tilasta musu buɗewa. Gwiwa da baya suna karɓar rabonsu, kuma kusan mutum 1,000 ne ke mutuwa a wuraren gini duk shekara a Amurka, da yawansu ta hanyar faɗowa. Idan tattalin arziki ya tsaya, gini ne ke fara tsayawa. Mai hankali a wannan sana'a tun yana saurayi yake shirin ranar da jiki zai gaji: ya nemi babban lasisi, ya koyi lissafin kwangila, ya zama mai duba aiki ko mai kamfaninsa.

'Yan mata ma ƙofar nan a buɗe take gare ku, ko da yake har yanzu mata kaɗan ne a ciki. Akwai kuma ayyukan lafiya da ake shiga da karatun shekara biyu ko uku a kwalejin gwamnati, kamar aikin jinya da na kula da haƙori, waɗanda matsakaicin albashinsu a 2023 ya haura dala 80,000.

Kada kuma a ɗauka bashi a jami'a kaɗai yake. Ku tambayi iyayenku labarin lambar tasi mai ruwan ɗorawa ta New York. A 2014 kuɗinta ya haura dala miliyan ɗaya, direbobi baƙi daga Asiya da Afirka ta Yamma suka ci bashi suka saya, an gaya musu kadara ce da ba ta faɗuwa. Da Uber da Lyft suka cika gari, darajarta ta zube ƙasa da kashi ɗaya cikin biyar. A 2018 direbobi da dama suka kashe kansu. Sai da wasu suka yi yajin cin abinci na kusan mako biyu a gaban fadar magajin gari a 2021 kafin a amince a rage bashin zuwa dala 170,000. Mutanen kirki ne, masu aiki tuƙuru. Takardar da suka sa wa hannu ce ta fi ƙarfinsu.

Sauran harkar kuɗi gajeruwa ce. Katin bashi ruwansa ya haura kashi 20 cikin ɗari a 'yan shekarun nan, don haka abin da ba za ka iya biya duka a ƙarshen wata ba, kada ka goga masa kati. Sabuwar mota a kan bashi da albashin farko ita ce ta fi komai cinye samarinmu. Ka ajiye abin da zai riƙe ka wata uku kafin ka yi maganar zuba jari. Idan wurin aikinka na ƙara maka wani abu a kan abin da ka zuba a asusun ritaya, ka zuba aƙalla gwargwadon da za su ƙara. Aike gida wajibi ne a kanmu kuma albarka ce, amma ka yanke adadi ka tsaya a kai, kada ka ci bashi mai ruwa don a ce ka yi bajinta a bikin da ba ka halarta ba. Adashin iyayenku mata ma kada ku raina shi, ya biya kuɗin makaranta da yawa ba tare da ruwa ba.

Ku kuma da ke gida kuna karanta wannan kuna mafarkin zuwa, ku sani mai bizar ɗalibi ba ya samun rancen gwamnatin Amurka ko tallafin Pell, kuma aikin da aka yarda ya yi a lokacin karatu taƙaitacce ne. A Najeriya an kafa asusun lamunin ɗalibai na NELFUND a 2024, wanda ba shi da ruwa. Wannan sauƙi ne babba, amma shi ma sunansa bashi.

Sai takarda ta biyu, ta sayen bindiga. 'Yancin mallakar bindiga yana cikin gyara na biyu na kundin tsarin mulkin Amurka tun 1791. An daɗe ana jayayya a kan ko na kowane mutum ne ko na rundunar sa-kai, har Kotun Ƙoli ta yanke a shari'ar Heller a 2008, da alƙalai biyar a kan huɗu, cewa mutum na da haƙƙin ajiye ƙaramar bindiga a gidansa don kare kai. A 2010 ta ce hukuncin ya hau kan jihohi, a 2022 kuma ta soke dokar New York da ke cewa sai mutum ya nuna dalili na musamman kafin a ba shi lasisin yawo da ita. Yau fiye da rabin jihohi ba sa neman lasisi ma kafin mutum ya ɗauke ta a jikinsa. Kusan ɗaya cikin uku na manya a ƙasar ya mallaki bindiga, kuma bindigogin da ke hannun farar hula sun fi mutanen ƙasar yawa.

Masu kare wannan 'yanci ba duka mahaukata ba ne, kamar yadda wasu ke zana su. Akwai manomi da ofishin 'yan sanda mafi kusa da shi tafiyar rabin awa ce. Akwai matar da tsohon miji ke yi wa barazana. A 1964 baƙaƙen fata a Jonesboro ta jihar Louisiana sun kafa ƙungiya ɗauke da makamai don kare masu fafutukar 'yanci daga 'yan Ku Klux Klan, a lokacin da hukuma ta juya musu baya. Wanda danginsa ke Zamfara ko Katsina ba ya buƙatar a yi masa bayanin yadda mutum ke ji idan mugu na da makami shi ba shi da komai. Ban kira a ƙwace wa kowa haƙƙinsa ba. Abin da nake so ku sani shi ne wannan haƙƙi bai zauna daidai a kan kowa ba, kuma ku kuna cikin waɗanda kuskure kaɗan ke yi wa tsada.

Na farko, takardun zama. Wanda ba shi da izinin zama haramun ne ya riƙe bindiga ko harsashi a dokar tarayya. Mai bizar wucin gadi, kamar ɗalibi ko baƙo, shi ma an hana shi, sai a wasu 'yan keɓantattun halaye. Mai katin zama na dindindin yana iya saya, amma idan kotu ta same shi da laifin da ya shafi bindiga, ko da bai harbi kowa ba, wannan kaɗai ya isa a kore shi daga ƙasar. Yaron da aka kawo yana goye, bai san kowa a Yamai ko Accra ba, yana iya samun kansa a jirgi saboda abin da aka gani a ƙarƙashin kujerar motarsa. Na biyu, kowace jiha da dokarta. Abin da ya halatta a Pennsylvania yana iya zama babban laifi da zarar ka haye gada ka shiga New Jersey, kuma a New York riƙe bindiga mai harsashi ba lasisi a waje yana jawo ɗaurin da mafi ƙarancinsa shekara uku da rabi ne. Na uku, kuma wannan ku 'yan mata ku saurara da kyau: idan saurayi ko aboki ya ce ki saya masa da sunanki saboda shi ba za a sayar masa ba, kin yi ƙarya a fom ɗin gwamnati, kuma wata doka ta 2022 ta sa wa wannan laifi ɗaurin da zai iya kaiwa shekara 15. Wanda ke ƙaunarki ba zai roƙe ki wannan ba.

Sai launin fata, wanda ba a rubuta shi a doka ba amma yana aiki a kan titi. Philando Castile yana da lasisin ɗaukar bindiga. A watan Yulin 2016 ɗan sanda ya tsayar da motarsa a Minnesota, ya gaya masa cikin ladabi cewa akwai bindiga a tare da shi, cikin 'yan daƙiƙu aka harbe shi a gaban budurwarsa da 'yarta ƙarama, kuma kotu ta wanke ɗan sandan. Amadou Diallo, ɗan Gini, ba shi da makami ko kaɗan. Walat ɗinsa ya ciro a ƙofar gidansu a Bronx a watan Fabrairun 1999, aka harba masa harsashi 41. Duk wanda zai ɗauki bindiga a cikinku ya san cewa lasisin da ke aljihunsa ba a ganinsa daga nesa.

Abin da ya fi tayar mini da hankali kuwa yana cikin gida ne. A 2021 mutum 48,830 bindiga ta kashe a Amurka, kuma fiye da rabinsu su suka harbe kansu. Tun 2020 bindiga ta zarce haɗarin mota wajen kashe yara da matasa. Wanda ya yi yunƙurin kashe kansa da bindiga, kusan tara cikin goma ba ya tashi, alhali mafi yawan masu yunƙuri ta wasu hanyoyi ana ceto su, kuma da yawansu suna rayuwa su ga wucewar abin da ya dame su. Mu ba ma son wannan zance, muna cewa ai mu masu imani ne. Amma damuwa na shiga gidajenmu kamar na kowa, kuma saurayin da bashi ya shaƙe, aiki ya kuɓuce masa, yana jin kunyar haɗa ido da mahaifinsa, shi ne na fi tsoron ya san inda bindiga take da ƙarfe uku na dare.

Ra'ayina ke nan, ba na ɓoye shi: mafi yawanku, a shekarunku, a gidajen haya masu cike da ƙanne da baƙi, bindiga haɗari za ta ƙara muku ba tsaro ba. Wanda ya mallaki hankalinsa, takardunsa suka cika, ya ga yana da dalili na gaskiya, to ya bi doka tun daga farko har ƙarshe, ya je ya koya a hannun ƙwararru, ya sayi akwatin ƙarfe mai makulli kafin ya sayi bindigar, harsashi kuma a wani wuri dabam. A Michigan a 2024 an ɗaure wasu iyaye biyu shekara 10 zuwa 15 kowannensu, saboda ɗansu mai shekara 15 ya ɗauki bindigar da suka saya ba su killace ba ya kashe ɗalibai huɗu a makarantarsu. Idan mai saurin fushi ne kai, ko aurenka na cikin rikici, ko akwai wanda ya shiga damuwa a gidan, a fitar da ita daga gidan ta hanyar da dokar jiharku ta yarda har ƙura ta lafa. Idan kuma ɗayanku ya ji abokinsa na cewa ya gaji da duniya, kada ya ce masa ya yi haƙuri kawai ya wuce. Ya zauna da shi, ya tambaye shi kai tsaye ko akwai makami a inda yake kwana, ya sanar da wani babba, ya kuma kira 988, lambar da aka ware tun 2022 don irin wannan hali, ana ɗauka dare da rana.